Ƙwaryar Aro da Odar Babbar Kotu

Fadamar tana nan inda take, bayan gari, in ka gangara ta gefen maƙabarta ka bi hanyar masunta zuwa gulbi. Daga ƙofar gidana ba a hango ta, amma idan shinkafa ta fara nuna iska ta juyo, ina jin ƙanshinta har cikin ɗaki. Ta mijina ce, ya gaje ta wurin ubansa. Yau wani ke noma ta, kuma kotu uku sun san da haka.

Ban taɓa zama aji ba. Abin da na sani na shari'a a kan benci na koye shi, ina zaune ana magana a kaina. Amma ina da ido, kuma abin da na gani ba ya ɓace min.

Yadda fadamar ta bar hannunmu ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Maigida ya yi ciwon baya da ya hana shi sunkuyo, aikin fadama kuwa duk sunkuyo ne. Ɗa namiji ɗaya ya rayu mana, a lokacin bai kai riƙon fartanya ba. Muna da gonar tudu can cikin daji, ta gero da dawa, ita ke riƙe da gidan. Sai maigida ya ba amininsa aron fadamar har yaro ya girma. Ba a rubuta komai ba. A nan ba a rubuta aro tsakanin aminai, wanda ya ce a kawo takarda ya zagi abokinsa. Abin da ake yi shi ne ƙwaryar aro. Duk kaka, in an yanke an buge, mai aro zai aiko da ƙwarya ɗaya ta sabuwar shinkafa gidan mai gona. Ba haya ba ce, don ƙwarya ɗaya ba ta ciyar da gida. Tunatarwa ce cewa ƙasar tana da mai ita. Kuma ba a biyo da ita ta zaure inda maza ke zaune, don kada mai aro ya ji kunya. Matarsa ke rufo ta da faifai, ta shigo cikin gida kamar ta zo gaisuwa, ta miƙa wa matar gida. Ni ke karɓa. Shekara da shekaru ni ke karɓa, in juye, in zuba mata daddawa ko kuka a cikin ƙwaryar don kada ta koma wofi.

Sai shekarun zinariya suka zo. 'Ya'yan aminin suka shiga harkar, suna kawo dutse gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kamar yadda aka yi a ƙauyukan Sunke da Tungar Daji. Gubar dalma da ke cikin dutsen ta shiga jinin yara. Gidan nan sun binne jikoki har mutane suka daina tambayar na wane ɗaki ne. A kakar wannan shekarar matar aminin ta zo da ƙwaryarta, ta rame kamar ba ita ba. Maigida yana tsakar gida yana alwala, ya gan ta. Ya ce ta mayar, gidan da ke zaman makoki ba ya kawo ƙwarya. Ya aika wa amininsa cewa kada a sake kawowa sai Allah ya kawo sauƙi.

Da ta fita na ce masa, "Malam, tausayi daban, shaida daban. A karɓi ƙwarya, in ya so ka aika musu da buhu biyu."

Ya ce, "Ke dai kin cika sa ido. Mutumen da munka ci tuwo akushi guda tun muna yara, shi za ya cinye min gona?"

Na ce, "Shi ba ya ci. Amma shina da ɗiya maza."

Ya yi dariya ya shiga sallarsa. Daga ranar ƙwarya ba ta sake shigowa gidana ba. Sauƙin ya zo, amma maigida ya ji nauyin ya ce a dawo da ita, su kuma ba su tuna ba, ko sun tuna sun yi shiru. Yaro ya girma ya yi aure, na ce a karɓo fadama, maigida ya ce bari dai, tudu na isar mu. Matar aminin ta rasu. Aminin ya bi ta. Maigida ma ya tafi, Allah ya jiƙansu duka. Sannan daji ya gagara. Gonar tudu ta koma wurin da ba a zuwa sai da izinin masu bindiga, wanda ya je ba izini ba a cika ganinsa ba. Muka wayi gari ni da ɗana da matarsa da 'ya'yansu, ba mu da ƙasar da za mu taka sai fadamar nan.

Na aika aka kira min babban ɗan aminin, wanda fadamar ke hannunsa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Na ce masa lokacin mayar da aro ya yi, kuma ba na neman komai na shekarun baya.

Ya ce, "Inna, wane aro?"

Na ce, "Wanda uwarka ke kawo ƙwaryarsa kana yaro kana biye da ita."

Ya ce, "Allah shi jiƙan ta, ba ta nan balle a tambaye ta. Ni dai na tashi na iske baba na noman wurin. Tamu ta."

Yana magana yana kallon turmi, bai dube ni ba. Na ce masa ya tashi ya tafi, kada ƙafarsa ta yi sanyi.

Da rani muka kai ƙara gaban alƙalin yankinmu. Zan faɗi gaskiya a kansa, don gaskiyar nan ita ta kashe ni daga baya. Mutum ne mai tsafta da ladabi. Da ya ga tsufana ya sa aka kawo min kujera. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Na ba shi labarin ƙwarya tun daga farko har ranar da aka mayar da ita, yana ji yana rubutawa. Da na gama ya ce, "Inna, maganarki na ji ta, amma mai ƙara ba ya zama shaidar kansa. Wa ya gani?"

Wa zai gani? Abin da aka shirya shi don kada a gani.

Amma ina da shaida ɗaya, wani tsohon Bafillace da rugarsu ke sauka bakin gulbi duk bayan kaka. Al'adar nan kowa ya san ta: in an yanke shinkafa, makiyayi ba ya sa shanu su ci kara sai ya nemi izini, kuma wurin mai ƙasa yake nema, ba wurin mai shuka ba, don takin da shanu za su bari na ƙasa ne. Tsohon nan duk shekara ƙofar gidanmu yake zuwa da ƙwaryar nono, ko bayan an daina kawo ƙwaryar aro, ko bayan rasuwar maigida. Bai taɓa zuwa gidan aminin ba, kuma aminin bai taɓa cewa don me ba. Ya zo kotu da sandarsa, aka ce ya ajiye ta a waje, ya ajiye yana waiwayenta. Ya faɗi duk wannan.

Alƙali ya ce, "Kana wurin lokacin da aka ba da aron?"

Ya ce, "Ba ni wurin."

"Ka taɓa ganin an kai ƙwarya?"

"Ni mi zai kai ni cikin gidan mutane?"

Alƙali ya ce, "To shaidarka ta kiwo ce, ba ta mallaka ba."

Tsohon ya juyo ya dube ni, ya ce, "Inna-wuro, ashe shekara da shekaru wurin da ba shi ne ba nike kai nonona." Mutane suka yi dariya, aka buga tebur.

Aka yi ta ɗaga zama har ruwa ya sauka, ɗan aminin ya shuka shinkafarsa. Shuka ta kai gwiwa ranar da aka yanke hukunci. A ranar na fara jin kalmar hauzi. Wai in mutum ya riƙe ƙasa shekara goma, mai ita yana gari yana gani bai yi magana ba, ta zama ta mai riƙo, sai fa in an tabbatar aro ne. Alƙali ya ce ba a tabbatar ba. Ya ba ɗan aminin rantsuwa, ya rantse cewa a saninsa ta ubansa ce. Ina kallon babban yatsan ƙafarsa yana tonon siminti har ya gama.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, shirun nan da kake ƙirgawa ta'aziyya ce."

Ya ce, "Na fahimta, Inna." Ya rubuta. Sannan ya ce wanda bai gamsu ba yana da wa'adi ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama. Na ji shi da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Washegari mai unguwa da liman suka zo gidana. Suka ce a dakata. Shuka na tsaye a gonar, kuma a garin nan ba a motsa rikicin ƙasa shuka na tsaye. Haka muka taras. Wanda ya zuba iri ya zuba guminsa, ko ƙasar ba tasa ba ce, a bar shi ya yanke abinsa, sannan a zauna. In ka ja shi kotu shinkafa na ciki, ko ta lalace don ba mai kula, ko wani ya shiga da lauje a zubar da jini. Suka ce in an yanke za su tara mu, su da suka san iyayen, su sa shi ya mayar cikin mutunci ba sai an je wani gari ba. Ɗana ya ce, "Inna, alƙali fa ya ce akwai wa'adi." Na ce masa wa'adin zai jira kaka kamar kowa. Aure a nan kaka yake jira. Gyaran ɗaki kaka yake jira. Wanda zai tafi Gummi ganin likita, in ba ciwon ya kayar da shi ba, kaka yake jira. Ban ga dalilin da zai sa kotun sama, wadda ita ma shinkafar nan take ci, ta kasa jira ba. Har yau ban ga laifin dattawan nan ba, ban kuma ga nawa ba. Mun bi abin da ya hana garin nan kashe juna tun kafin a gina kotu.

Aka yanke shinkafa, aka buge, aka kai gida. Dattawa suka aika wa ɗan aminin. Ya ce yana da uzuri. Suka sake aikawa. Ya aiko musu cewa magana ta ƙare a kotu, wa'adi ya wuce, kuma shi ba ya jayayya da hukuma. Ashe duk zaman da muka yi muna jiran shinkafarsa ta nuna don kada guminsa ya zube, shi kwana yake ƙirgawa.

Muka je kotun sama muka roƙi a ƙara mana lokaci. Aka tambayi dalilin jinkiri. Ɗana ya ce mun jira a yanke shinkafa. Aka tambaya ko wani ya yi ciwo, ko an sace wani, ko hanya ta toshe. Babu. Aka ce jiran kaka ba dalili ba ne. Ba su buɗe maganar aro ba, ba su tambayi ƙwarya ba, ba su tambayi Bafillace ba. Zaman bai kai dahuwar shinkafa ba aka sallame mu.

A nan ne wani ya haɗa ɗana da lauya a birni. Na sayar da tumakina muka shiga mota ta hanyar Anka, kowa yana kallon daji har muka wuce wurin da ake tsoro. Lauyan saurayi ne mai fara'a, Hausarsa ta rediyo. Ya karanta takardun shari'ar ya girgiza kai. Ya ce alƙalin ya yi kuskure, bai kamata ya yar da shaidar makiyayin nan ba, shaida ce mai nauyi ga wanda ya san al'adar wurin. Ya ce ƙofar ɗaukaka ƙara ta rufe, amma akwai wata ƙaramar ƙofa. Babbar kotu tana da wata oda da take aikawa ƙaramar kotu, ta ce a kawo mata takardun shari'a ta duba, in ta ga ɓarna ta rushe hukuncin kamar ba a taɓa yin sa ba.

Na ce, "To mi muke jira?"

Ya ce sai na yi rantsuwa a rubuce tukuna, kuma yana da tambayoyi. Ya gyara zama ya ɗauki biro.

"Inna, fadamar tana cikin yankin wannan alƙali?"

"Tana ciki."

"An kawo miki sammaci kowane zama?"

"Ni na kai ƙara, wa zai kawo min sammaci? Ban taɓa fashin zama ba."

"Alƙalin yana da dangantaka da wancan mutumin? Suruki, ko abokin ciniki? Kin taɓa jin an kai masa wani abu?"

"Ban sani ba, ban ji ba."

Ya ajiye biron. Ya ce, "Ya bar ki kin faɗi duk abin da ke bakinki? Ki tuna da kyau, Inna. Tsufa kan sa mantuwa. Ko sau ɗaya bai ce ki yi shiru ba? Bai hana shaidarki ƙarasa magana ba?"

Na gane inda ya dosa. Ɗana ma ya gane. Ya matso ya rage murya ya ce, "Inna, ki ce dai bai bari kin gama ba. Wa za ya tuna?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Shi wancan ai ya rantse."

Na ce, "Na ga ƙafarsa lokacin da yake rantsuwar. So kake a ga tawa?"

Na dubi lauyan na ce ya rubuta cewa alƙali ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ba wani gonata. Ya yi murmushin yaƙe. Ya ce zai gwada, amma in sani ƙofar ƙarama ce ƙwarai. A mota ɗana ya juya min ƙeya har gida.

Ranar zaman babbar kotu muka sake bin hanyar nan. Ɗaki ne babba mai fanka, alƙalin kuma mace ce, da gilashi, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Da na gan ta na ji sanyi a raina. Na ce wannan ta san abin da ake rufewa da faifai a shigo da shi cikin gida. Aka yi ta Turanci, lauyana ya tashi, na wancan ya tashi, ba wanda ya tambaye ni komai. Ina dai kallon fuskarta. Na ga lokacin da ta kai wani wuri a takardun ta tsaya, ta koma baya ta sake karantawa, ta taɓe baki. Na ce a raina ta iso wurin Bafillace.

Da ta gama karanta hukuncinta na ga kafaɗar lauyana ta sauka. Sai ta dube ni, ta sa tafinta ya matso, ta ce a gaya wa Inna da Hausa, don ta yi tafiya mai nisa.

Tafinta ya ce, "Mai shari'a ta ce odar da kika nema ba ta sake auna shaida. Aikinta shi ne ta kama alƙalin da ya yi shari'ar da ba huruminsa ba, ko ya hana mutum magana, ko yana da hannu a cikin abin, ko ya taka doka a fili yadda kowa zai gani a takarda. Wannan alƙali ƙasar tana huruminsa, ya ji ki, ya ji shaidarki, ya auna ya ga bai isa ba."

Na ce, "Tambaye ta, ita da ta karanta, awon nasa daidai ne?"

Lauyana ya juyo yana min alama da hannu. Ita kuwa ta ɗaga masa hannu ta amsa da kanta, da Hausa, ba ta jira tafinta ba. Ta ce, "Inna, da ni ce a kujerarsa, mai yiwuwa da ba haka na auna ba. Amma ba a ba ni ma'aunin ba. Ma'aunin yana kotun ɗaukaka ƙara, can ne ake gyara irin wannan, kuma lokacinta ya wuce."

Na ce, "Kin ga kuskuren ke nan."

Ta ce, "Alƙali yana da hurumin ya yi daidai, yana da hurumin ya yi kuskure, muddin cikin aikinsa yake. In na buɗe wannan ƙofa ga duk wanda bai gamsu da awo ba, babu shari'ar da za ta ƙare a ƙasar nan. Wanda ya ci yau ba zai iya shuka ba, don bai san gobe ba."

Na ce, "Wanda ya ci yau ya shuka, ranki shi daɗe. Mu munka jira shi ya yanke."

Ta cire gilashin ta goge, ta mayar, aka kira ƙara ta gaba.

Na daɗe ina juya maganar matar nan, kuma ba zan ce ba ta da kan gado ba. Ni ma ina raba faɗan jikoki, na san akwai inda ake cewa ya isa haka, ko wani bai gamsu ba. Amma ni in na raba faɗa, daga baya na ga tabon cizo a hannun wanda na ba rashin gaskiya, ba na cewa lokaci ya wuce. Kiran su nake in sake zama. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne wannan: da alƙalin farko ya daka min tsawa, da ya ce a fitar da tsohuwar nan, da ya kori Bafillace tun daga ƙofa, da yau ina da fadamata. Odar nan an yi ta ne don alƙali marar kunya. Wanda zai ba ka kujera, ya kira ka Inna, ya saurare ka har ƙarshe sannan ya miƙa wa wani abincin jikokinka, shi ba abin da ke taɓa shi. Ladabinsa ne ya cinye ni. Kuma duk wanda ya karanta takardun nan, daga lauya har mai gilashi, sai ya taɓe baki a wuri ɗaya. Kowa ya ga ramin, kowa ya nuna min shi da yatsa, kowa ya ce cike shi ba aikinsa ba ne.

Sannan wa'adin nan, wa ya yanka shi? Wanda ya yanka shi ya taɓa tsayawa cikin ruwa har gwiwa yana cire ciyawa? An ce da an sace ɗana a hanya, da an karɓi uzurinmu. Da na kwanta ciwo, da an karɓa. Amma don mun ƙi tayar da fitina a kan shukar mutum, wannan ba uzuri ba ne. To na ji. Sai dai a gaya wa dattawan gari su daina hana mutane, kowa ya riƙa shiga da laujensa.

Lauyan ya ce akwai wata kotu gaba da wannan, a wani gari mai nisa, amma da bakinsa ya ce amsar ba za ta canza ba, don matar ba ta yi kuskure ba. Na ce masa na gode, kotu ta ishe ni.

Da damina ta kewayo ba mu da inda za mu zuba iri. Ɗana ya yi ƙwadago a fadamun mutane, har da wadda ke maƙwabtaka da tamu, yana sunkuye yana ganin wancan yana sunkuye a ƙasar ubansa. Bai iya jurewa ba. Wata safiya ya zo ya durƙusa ya ce zai bi abokansa ramin zinariya wajen Bukkuyum. Tun yana yaro nake tsare shi daga ramin nan. Na ga abin da ya yi wa gidan aminin, a kan idona aka fitar da yaran nan ɗaya bayan ɗaya a tabarma. Na ce masa ban yarda ba. Ya ce, "To Inna, mi za mu ci? Gaskiyarki?" Ban mare shi ba, don tambayar tana da wurin zama. Na ce in ya dawo kada ya shigo min gida da tufafin rami, kuma ko tsakuwa ɗaya kada ta ƙetare zaure.

Da kaka matar ɗan aminin ta yi sallama, an biyo ta da buhun shinkafa a baro. Ta ce maigidanta ya ce a kawo wa Inna.

Na ce, "Na mi ne?"

Ta ce, "Sadaka ta, wai don ladan su baba."

Na shiga ɗaki na ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da faifai na ajiye gabanta. Na ce ta mayar da buhun. In yana so in karɓi shinkafar fadamar nan, ya cika wannan kawai, ta rufo ta kawo, amma wannan karon ta zaure za ta biyo, mai unguwa na zaune. Ta dubi ƙwaryar kamar wuta ce. Ta ɗauka da ƙyar, ta ce za ta faɗa masa. Aka juya baro. Surukata tana bakin murhu tana kallon buhun yana fita, tukunyarta ba komai sai ruwa. Ban dube ta ba. Ƙwaryar ba ta dawo ba.

Bayan kwana kaɗan tsohon Bafillacen ya yi sallama a ƙofar gida da nononsa, kamar kullum.

Na ce, "Kai ba ka ji hukunci ba? Ba ni da ƙasa. Tafi gidan mai ita."

Ya ce, "Zan je, Inna-wuro, don shi ke da shinge yanzu. Amma nan nike farawa. In shiga da su?"

Na ce, "Shiga da su. Ka dai hana su gonar albasar mutane, na san halin ɓarayin shanunka."

Ya ce, "Shanuna sun fi Haɓe kunya." Ya ajiye nonon ya ɗauki sandarsa.

Na ba jikoki nonon. Sannan na ɗauki bokiti da sabulu na fita bayan gida, can nesa da inda yara ke wasa, inda ɗana, da ya dawo ganin gida, ya tuɓe kayan raminsa ya bari a kan dutse. Ba na barin matarsa ta taɓa su saboda ƙurar dalma, tana shayarwa. Ni ke wankewa, in haƙa rami in zuba ruwan, in rufe.